Ina Takardar Take?

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka fara tsayawa da ƙafafunku, ko kuka yi aure kwanan nan, ko kuka kama ɗakin haya na farko, yau kan takardun gida nake so mu yi magana. Na san zance ne marar armashi. Ba wanda ya taɓa tara jama'a a majalisa da hirar rasit. Amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

A yawancin gidajenmu takarda ba ta da mazauni. Wasu suna ƙarƙashin katifa, wasu a saman sif cikin tsohuwar jakar Makka da zik ɗinta ya lalace, wasu a aljihun babbar rigar da rabon da a sa ta tun sallar bara. Uwargida kuma tata ajiyar daban take, cikin langa, tare da ɗan kunne da canjin cefane. In ka yi sa'a ka samu gidan da aka tara su wuri guda, to baƙar leda ce. Kwance ta ka sha kallo. Takardar cinikin filin da aka gina gidan a kai ta sha ninki har ninkin ya fara tsagewa, ta manne da katin ɗaurin auren da aka yi tun shekaru goma. Ga bil ɗin wutar gidan da aka tashi tuntuni, ga katin rigakafin yaron da yanzu yake jami'a, ga ɗan hoton wani mutum da duk gidan ba wanda ya tuna ko wane ne. A cikin ledar nan duk darajarsu ɗaya.

Ita kuwa takarda ba a nemanta ranar da hankali yake kwance. Sai ranar da za a rufe rajista ƙarfe huɗu na yamma, ko ranar da ma'aikatan wuta suka riga suka jingina tsani a jikin turke, ko an kwantar da mutum asibiti, ko alƙali ya ce a kawo hujja. Sau da yawa kuma a irin wannan rana wanda ya yi ajiyar ba ya nan. Ya yi tafiya, ko shi ne a kwance, ko ƙasa ta rufe idonsa. Saboda haka ga ma'aunin da nake so ku riƙa auna kanku da shi. A ce kana Legas ko Fatakwal, ka bugo waya gida ka ce wa matarka ko ƙaninka, "Ɗauko min takardar kaza." In za su ɗauko ta kafin katinka ya ƙare, ka shirya takardunka. In kuwa sai ka ce "duba ƙasan katifa, in babu ki leƙa saman sif, ko ki tambayi Yaya," to ɓoyewa ka yi, ba ka adana ba. Mutane da yawa suna alfahari da cewa ko cikin duhu sun san inda komai nasu yake. Wannan sanin da su zai tafi.

Aikin kansa ba shi da wuya, yini ɗaya ya isa. A shimfiɗa tabarma, a zazzage komai, a fara da ware waɗanda in sun ɓata sai an sha wuya kafin a samu madadinsu: takardar haihuwa, shaidar kammala makaranta tun daga firamare, takardar hidimar ƙasa, takardar asalin ƙaramar hukuma, takardar aure, takardun fili da gida da gona, takardar ɗauka aiki. Waɗannan kowane mutum a gidan a buɗe masa nasa fayil, a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a bango, har jariri. Na asalin ba sa fita daga gida sai an ce lallai su ake son gani. Kwafi ake yawo da shi. Wanda ya taɓa ɓatar da shaidar makaranta ya san zirga-zirgar da ke biyo baya: rahoton 'yan sanda, rantsuwa a kotu, sannan a koma ofishin da ya bayar a kama layi. Sauran takardun, irin su lasisin tuƙi, inshorar mota, fasfo, yarjejeniyar haya, masu wa'adi ne, abin da suke buƙata shi ne a rubuta ranar ƙarewarsu a wurin da ido ke gani kullum. Abin da ya rage bayan wannan galibi shara ne. Sai dai duk wadda ke ɗauke da lambar asusunka ko lambar shaidarka, ƙone ta za ka yi. Kada ka ba mai ƙosai, don ba ka san hannun da za ta faɗa ba.

Wurin ajiya kuma a yi la'akari da ƙasar da muke ciki. Gara tana cin fayil guda cikin damina ɗaya ba wanda ya ji motsinta, ɓera yana yin sheƙa da satifiket, danshin bango yana manne takardu har tawada ta bi juna. Adakar ƙarfe irin ta iyayenmu har yanzu ban ga abin da ya fi ta ba, muddin an sa takardun cikin jakar roba mai zik, an ɗora adakar a kan wani abu, ba ta taɓa ƙasa ko bango. A watan Satumba na 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Maiduguri cikin dare, mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda takardunsa suke jaka ɗaya zai iya sungumarta tare da yaro. Wanda nasa suke wuri biyar ba shi da wannan damar. Ku kuma 'yan kasuwa da kuka mai da durowar shago ma'ajiyar takardun gida, ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta babbar kasuwar Maiduguri a 2023. Kwafi ɗaya na muhimman takardu ya zauna a wani gida daban, gidan iyaye ko na ɗan'uwa amintacce.

Abu biyu game da ita kanta takardar. Masu shagon kwamfuta suna son su ce a kawo su liƙe maka satifiket da roba. Ku yi hattara. In an liƙe ba ta ɓantaruwa ba tare da ta lalace ba, ba a iya buga mata hatimi a baya, wasu ofisoshin ma ba sa son ganin ta haka don ba za su iya taɓa ainihin takardar su tantance ba. Na biyu, ɗan siririn rasit ɗin nan da mai POS yake yago maka ba da tawada ake buga shi ba. Takardar ce aka shafa mata sinadarin da zafi ke baƙanta shi, shi ya sa in ta kwana biyu a aljihu ko ta sha rana sai rubutun ya dushe, ka ɗauko ka ga fara fat. In ka sa ta a injin liƙe roba kuwa baƙi ƙirin za ta fito. Duk rasit irin wannan da ya shafi kuɗin makaranta ko haya ko wani ciniki mai nauyi, ɗauki hotonsa nan take kafin ka bar wurin.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya. Cikin waɗanda nake gani suna wahala a ofisoshi, waɗanda takardunsu suka ɓata ba su kai waɗanda takardunsu suke musu da juna yawa ba. Mu Hausawa muna da yalwar suna. Mutum ɗaya shi ne Abubakar a takardar haihuwa, Garba a rajistar firamare, Habu a bakin unguwa. A sakandare malami ya maƙala masa sunan garinsu, a banki ya sa sunan kakansa. Muhammad kaɗai ana rubuta shi iri uku ko huɗu, A'isha ta zama Aisha a nan, Aishatu a can. Ranar haihuwa kuwa, dubi yawan waɗanda takarda ta ce an haife su ranar 1 ga Janairu, alhali dai ba wanda ya rubuta ne ranar da abin ya faru. A da wannan bai dami kowa ba, domin akawun da ke bayan tebur ya san ka, ya san mahaifinka. Yau kwamfuta ce ke gwada takarda da takarda, ita kuwa ba ta san Garba shi ne Abubakar ba.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a 2014, sannan a ƙarshen 2020 gwamnati ta ce kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar NIN, sannan hukumar JAMB ta ce ba rajista sai da ita, sunanka ya daina zama abin da kake faɗa da baki. Harafi ɗaya in ya saɓa, ana iya tsayar maka da asusu, ko fasfo ya maƙale, ko yaro ya ci jarrabawa a ce ba shi ne ba. Gyara kuwa kuɗi ne da rantsuwar kotu, wani lokaci har da cigiya a jarida, gyaran ranar haihuwa ma ya fi kowanne wuya. Don haka ranar da kuka shimfiɗa tabarmar nan, ku jera takardunku gefe da gefe, ku bi suna harafi bayan harafi, ku duba wanne ya zo farko wanne ya zo ƙarshe, ku duba rana da wata da shekara. In akwai saɓani, ku gyara shi yanzu da ba abin da ke korar ku. Masu rage shekaru don neman aiki kuma, ban ga dabara a ciki ba. Ƙarya ɗaya ce za ka yi ta yi wa hidima har ranar ritaya, kuma takardar firamarenka tana nan ba ta manta ba.

'Ya'yanku kuwa ku raba su da wannan wahala tun daga ranar suna. Katin da asibiti ke bayarwa ba shi ne takardar haihuwa ba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da ita, kuma tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da ta mutuwa. Ku zauna ku tsai da yadda za a riƙa rubuta sunan yaro, ku rubuta shi da hannunku ku miƙa wa ma'aikacin, kada ku faɗa da baki ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. Kafin ku bar wurin ku karanta abin da ya rubuta. Haka za ku yi ranar sa shi makaranta. Ragon suna yana cin kuɗi mai yawa, ana gamawa da shi cikin kwana biyu. Wannan takarda da ba ta ci komai ba ita zai riƙe har tsufansa.

Maganar bil ɗin wuta ba sai na ja ta ba. Har yau muna cewa NEPA, ko da yake sunan ya koma PHCN tun 2005, kuma tun 2013 kamfanoni ne ke raba wuta, kowanne da jihohinsa. Abin da ya shafe ku shi ne, ranar da za ku tare a gidan haya, kafin a sauke katifa, ku ɗauki hoton mita, ku nemi bil na ƙarshe, ku ga ko akwai bashin wanda ya tashi, a yi maganarsa da mai gida a rubuce. In mita mai kati ce, ku rubuta lambarta a bangon fayil. In kuna da ƙorafi a kan kuɗin ƙiyasi, rubuta shi za ku yi, ku kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a dawo muku da shi. Ƙorafin baki iska ke ɗauke shi. Rasit ɗin haya kuma ku karɓa duk lokacin da kuka biya, ko da mai gidan limamin unguwarku ne, domin gida yana sauya hannu, kuma magada ba su san alƙawarin da kuka yi da mahaifinsu a zaure ba.

Akwatin gidan waya da iyayenmu suke zuwa buɗewa da ɗan makulli ya koma cikin wayar hannu. Alat, takardar samun gurbin karatu, kiran ganawa don aiki, duk nan suke sauka. Amma waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, kuma hoton takardar da ka ɗauka yana nutsewa cikin hotunan biki dubu. Ku tura hotunan takardunku cikin imel ɗinku, kowanne da sunansa. Layin da banki ya san ku da shi kada ku bari ya mutu, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana iya karɓewa ya sayar wa wani, saƙonninku su koma shiga hannun baƙo.

Duk wannan da na faɗa sauƙi ne da shi, fayil da adaka kuɗi ne kawai. Abin da ya fi ƙarfin yawancinmu shi ne kunya. Ka ranta wa amininka kuɗi masu nauyi, bakinka ya kasa cewa a rubuta. Ka sayi fuloti a hannun kawunka, ya ce, "Haba ɗana, ni da kai har sai an yi takarda?" Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "A'a Kawu, ba komai." Lallai tsakaninka da Kawu ba komai. Amma Kawu ba zai dawwama ba, kai ma haka. Waɗanda za su tsaya a kan iyakar filin nan bayan shekara ashirin 'ya'yanka ne da 'ya'yansa, kuma ba ɗayansu da yake wurin ranar da aka yi cinikin. Je ka zauna a kotun shari'a ta garinku na yini ɗaya ka saurari ƙararrakin gado da na gona. Za ka ji an ce aro ne, wani ya ce kyauta ce. An ce jingina ce, wani ya rantse sayarwa ce. Shaidun duk sun rasu. Mutanen da suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya sun daina gaisawa, kuma sau da yawa ba wanda yake ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya ji daga bakin mahaifinsa yake faɗa.

Abin mamaki, ga mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Yara suna haddace ta a makarantar allo, manya suna jin tafsirinta kowane azumi, amma in aka zo aiki da ita sai mu ga kamar rashin yarda ne. In ka ji nauyin cewa a rubuta, jingina da wannan. Ka ce, "Kawu, saboda rai da ajali ne, kuma abin da addini ya koyar ke nan." Ban taɓa ganin dattijon kirki da ya yi fushi da wannan magana ba. Wanda ya yi fushi kuwa ya ba ka labarin da ya kamata ka sani kafin ka miƙa kuɗinka.

Takardar cinikin fili kuma ta zama takarda ta gaske: cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, kuɗin da aka biya da lamba da kalmomi, tsawo da faɗi, maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, rana, sa hannun shaidu daga ɓangarorin biyu, da na mai unguwa ko dagaci. A zaɓi shaidu har da matasa, kada a tara tsofaffi zalla. In filin gado ne, a tabbata an raba, kuma duk magada sun sani, mata da maza. Ku kuma sani tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma takardar da ta fi ƙarfi ita ce shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa. Filin awon igiya da takardar dagaci kaɗai bai kai wannan ƙarfi ba. In kuma ka sayi gida mai shaidar mallaka ka kawo ta ka jefa a adaka ba ka je an sauya suna ba, to a littafin gwamnati har gobe gidan na wanda ya sayar maka ne. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da hukumomin rajistar filaye, KANGIS da KADGIS. A je a bincika kafin a biya la'adar dillali.

Ƙannena mata, wannan maganar taku ce fiye da kowa. Yarinya takan tare a gidan miji da gado da kujeru da jeren kwanuka, ta bar satifiket ɗinta a gidan iyaye cikin kayan da ƙanne za su yi wasa da su. Takardunki suna cikin kayan ɗakinki, ki tafi da su, ki riƙe su a hannunki. In kin sayi gwal, karɓi rasit. In kin sayi fili da kuɗin sana'arki ko na gadonki, sunanki za a rubuta, ba na maigida ba, ba na yayanki ba, komai kyawun zaman da kuke yi. Dukiyar mace tata ce a shari'a, amma ranar rabon gado abin da aka tarar da sunan mamaci shi ake tarawa, sai ki koma neman shaidu a kan abin da guminki ya saya. Zubin adashe ma a sa shi a littafi, ke da uwar adashe kowa da nata.

Ku kuma maza, wannan ɗabi'a ta ɓoye wa iyali komai ku dube ta da kyau. Na san dalilan da ake kawowa: kada a raina ka in an ga kaɗan ne, kada a sa maka ido in an ga da yawa, ga kishi in mata sun fi ɗaya. Ba na cewa ka karanta wa kowa abin da ke asusunka, lambar sirrinka ma taka ce kai kaɗai. Amma ka samu littafi guda mai bango mai ƙarfi, ka rubuta bankunan da kake ajiya, filayenka da inda suke, wanda kake bi da wanda yake bin ka, da ajiyar mutane da ke hannunka. Duk lokacin da wani abu ya sauya ka gyara ka sa rana. Mutum biyu su san inda littafin yake. Kafin a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya, to ta yaya magada za su sauke maka nauyin da ba su san da shi ba? Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinka kuma ba shi ke nan ya gaji kuɗin ba. Banki sai ya ga shaidar rasuwa da takardar kotu, kuma ba wanda zai nemi takardar kotu a kan asusun da bai san akwai shi ba.

Saura takardun iyayenku, wanda shi ne mafi nauyi a baki. In mahaifinku ma'aikaci ne, takardar ɗaukarsa aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da lambar asusun fanshonsa in yana cikin tsarin da aka fara a 2004, duk za a nema ranar tantancewa, kuma galibi a lokacin ƙafa ta riga ta yi nauyi. Ba za ka iya tunkarar dattijo ka ce ya fito da takardun gida ba, zai ga kamar ka fara ƙirga masa kwana. Ka fara da naka. Kai masa fayil ɗinka ka ce, "Baba, ga kwafin takarduna, ina so su zauna a wurinku." In ya karɓa ya juya su ya gani, sai ka ce, "Naku ma da za ku ba ni in ɗauki hotonsu, saboda gara." Ka yi aikin a gabansa, a kan tabarmarsa, ka mayar masa da kowacce a hannunsa. In ya ɗauko wata ya fara ba ka labarin yadda aka sayi gonar bakin rafi da waɗanda suka yi shaida, ajiye wayar ka ɗauki biro.